Wa Ya Ce Lafiyarka A Hannunka Kaɗai Take?

Da wuya ka buɗe waya a zamanin nan ba ka ci karo da mai yi maka nasiha a kan lafiyarka ba. Ka rage gishiri, ka rage suga, ka yawaita shan ruwa, ka motsa jiki, ka kwanta da wuri, ka rabu da taba, ka rage damuwa. Duk gaskiya ne, kuma ba ni da ja da ko ɗaya daga ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta tana cewa kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, kuma ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ya bi wannan zai amfana, wanda ya yi watsi da shi zai ga sakamako ko ba jima ko ba daɗe. Abin da ke damuna shi ne saƙon da ke biyo bayan nasihar ba tare da an furta shi ba: in ka kwanta ciwo, kai ka jawo wa kanka. An mayar da lafiya wani aiki da kowa zai yi shi kaɗai a cikin ɗakinsa, sannan a ba shi maki gwargwadon ƙoƙarinsa.

Ra'ayina shi ne wannan rabin magana ce, kuma rabin da aka bari ya fi wanda aka faɗa nauyi. Yawancin abubuwan da ke tsawaita ran mutum ko su gajarta shi, a wajen gidansa ake yanke hukuncinsu: iskar da zai shaƙa, ruwan da zai iso masa, awowin da zai yi a wurin aiki, zafin da zai kwana a ciki, da maganin da zai yi masa aiki ko ya ƙi ranar da ya buƙace shi. Waɗannan su ne ake kira manyan matsalolin duniya, a yi ta taro a kansu a ƙasashe masu nisa, mai sauraro ya ji kamar ba da shi ake ba. Alhali kuwa suna cikin ƙirjinsa da jininsa.

Mu fara da iska, don ita ce ba wanda zai iya kauce mata. Kana iya ƙin cin abin da likita ya hana ka, amma ba ka iya ƙin numfashi, kuma baligi yana yin sa kusan sau 20,000 a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan 7 duk shekara, kuma kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a inda iskar ba ta cika ma'aunin da hukumar ta gindaya ba. Mafi haɗari a ciki shi ne wata ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani, da ke fitowa daga hayaƙin motoci da masana'antu da ƙona shara da ƙona daji. Ƙwayarta ta fi silin gashi ƙanƙanta da kusan ninki 30. Saboda ƙanƙantarta, gashin hanci da majina ba sa tare ta, sai ta zarce can ƙasan huhu, wani ɓangare ma ya shiga jini. Mutane sukan ɗauka tari da asma kawai take haifarwa. A haƙiƙa, mafi yawan waɗanda take kashewa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne ke ɗaukar su, sai a rubuta wannan a takarda, sunan iska ba ya fitowa ko kaɗan.

Na cikin gida kuma ya fi ban tausayi. Mutum fiye da biliyan 2 a duniya har yanzu da itace ko gawayi ko kwal ko kashin dabbobi suke girki, sau da yawa a ɗaki marar isasshiyar taga. A shekarar 2020 an danganta mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 da wannan hayaƙi, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Mai girki ce ke shaƙa, da jaririn da ke kusa da ita. Matar nan ba ta taɓa kunna sigari ba a rayuwarta, amma huhunta yana iya zama kamar na wanda ya shekara da shekaru yana sha. Wace nasiha za a yi mata? Ta daina dafa wa iyalinta abinci? Abin da take buƙata shi ne makamashi mai tsabta da ƙarfinta zai kai gare shi, kuma wannan magana ce ta lantarki da iskar gas da haraji da tsarin gwamnati, ba abin da za ta warware da ƙwazonta ba.

Landan ta ɗanɗani wannan tun da daɗewa. Daga 5 zuwa 9 ga Disamban 1952, hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin, iska ta tsaya cik, har mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. Lissafin farko ya ce mutum kusan 4,000 suka mutu, binciken da aka yi daga baya ya kai adadin wajen 12,000. Abin da ya raba birnin da irin wannan bala'i shi ne dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ba da ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni. A wannan birni dai, a 2013, wata yarinya 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da wani babban titi ta rasu bayan fama da asma mai tsanani. Mahaifiyarta ta shafe shekaru tana bin kadin lamarin, har a Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya kashe ta, aka rubuta haka a takardar shaidar mutuwarta. A Birtaniya wannan ne karo na farko. Ina yawan tunanin wannan uwa, domin ta ƙi yarda a ce ciwon ɗiyarta lamari ne na gidansu kawai.

Labarin ruwa ma haka yake. A 1854, lokacin da kwalara ke kashe mutane a unguwar Soho ta Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana lissafa inda aka yi mutuwa, ya gano cewa mamatan sun taru ne a kewayen famfo guda. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Shekara 4 bayan haka, warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a zaurensu har suka amince da kuɗin gina manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, aikin da injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranta. A lokacin yawancin likitoci ba su ma yarda cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kwalara ba, wari suke zargi. Duk da haka, da aka raba ruwan sha da bayan gida, cutar ta janye daga birnin. Yau kuwa, mutum fiye da biliyan 2 ba su da ruwan sha mai aminci a inda suke zaune. A ce wa mutum ya riƙa shan ruwa kofi takwas a yini shawara ce mai kyau, amma sai an fara tambayar wane irin ruwa ne ke isowa gare shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin dalma. A 1921 wani injiniya ɗan Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa idan aka zuba wani sinadarin dalma a cikin fetur, injin mota yana daina ƙwanƙwasa. Tun zamanin da an san dalma guba ce. A 1924 ma'aikata 5 suka mutu a wata matatar mai a jihar New Jersey bayan sun fita hayyacinsu saboda sinadarin. Aka ɗan dakata, aka ce an bincika, aka ci gaba da sayarwa. Shekara da shekaru kusan kowace mota mai shan fetur a duniya tana fesa dalma a kan titi, tana sauka a ƙasar da yara ke wasa, tana shiga jikinsu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa kaifin fahimta, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. A manya tana ƙara hawan jini da ciwon zuciya da na ƙoda. Wani masanin kimiyya, Clair Patterson, da ya je auna shekarun duniya ta hanyar dalmar da ke cikin duwatsu, ya tarar dalma ta gurɓata komai a ɗakin bincikensa, ya bi sawu har ya gano daga ina take. Ya fito ya faɗa a 1965, masu masana'antar suka yi masa caa. Amurka ba ta gama hana fetur mai dalma a motoci ba sai 1996. Ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi ita ce Aljeriya, a 2021, shekara 100 cif bayan ƙirƙirarsa. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa hanin yana kare rayuka fiye da miliyan 1.2 a shekara.

Ka yi tunanin iyayen da suka yi renon 'ya'yansu a cikin waɗannan shekaru. Sun ciyar da su, sun kai su rigakafi, sun sa su makaranta. Wasu yaran suka kasa gane karatu, aka ce ba su da ƙoƙari, wataƙila har aka dake su. Babu uwar da za ta iya tace dalma daga iskar unguwa. Sa hannu a kan takardar doka ne ya yi abin da dukkan kulawar iyayen duniya ba ta iya yi ba.

Sai batun damuwa, wanda masu nasiha suka fi sauƙin furtawa. A 1967 aka fara wani bincike a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya maza kusan 18,000, wanda aka fi sani da binciken Whitehall, kuma sunan Farfesa Michael Marmot ya shahara da shi. Dukansu suna da aiki, suna da albashi, suna da asibitin gwamnati kyauta. Amma da aka bi su tsawon shekaru, sai aka ga na ƙasan matakin aiki suna mutuwa kusan ninki 3 na waɗanda ke sama, kuma kowane mataki ya fi na ƙasa da shi lafiya, tun daga masinja har babban sakatare. Shan taba da hawan jini da ƙiba sun bayyana wani ɓangare na bambancin, amma ba su bayyana mafi yawansa ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa rashin iko a kan aikinka, wato a riƙa juya ka ba ka da ta cewa, yana da alaƙa da ciwon zuciya. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ke aiki biyu don ya biya kuɗin haya, ya fita kafin gari ya waye ya dawo bayan yara sun yi barci, in ka ce masa ya yi barcin awa 8 ya rage tunani, ba ka faɗi ƙarya ba, amma ba ka taimake shi da komai ba.

Ya kamata mu tambayi wa ke cin riba idan aka ɗora wa mutum ɗaya dukkan nauyin. Kamfanonin taba sun shafe shekaru suna cewa sha ko bari zaɓin baligi ne, alhali takardunsu na cikin gida, waɗanda shari'a ta tono a Amurka, sun nuna sun san tana kama mutum ta hana shi bari. Haka kuma maganar nan ta kowa ya auna yawan hayaƙin da rayuwarsa ke fitarwa, kamfanin mai na BP ne ya yayata ta da talla a wajejen 2004 da 2005, har da manhajar lissafi a intanet. Babu laifi mutum ya san abin da yake fitarwa. Laifin shi ne a karkatar da idonsa daga mai haƙo man zuwa ga kwan fitilar ɗakinsa. Roba ma haka: ana ta cewa mu tattara a sake sarrafawa, amma abin da ake sake sarrafawa a duniya bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, ana kuma ƙara yawan wadda ake ƙerawa duk shekara.

Sauyin yanayi shi ne inda aka fi raba lafiya da muhalli, kuma shi ne inda rabuwar ta fi zama kuskure. An daɗe ana nuna shi da hoton ƙanƙara tana narkewa a ƙarshen duniya, shi ya sa mutane da yawa suke jin ba ruwansu. Zafi kuwa kisa yake yi kai tsaye. Idan jiki ya yi zafi, zuciya tana ƙara bugu don ta tura jini zuwa fata, gumi yana janye ruwa da gishiri, ƙoda tana wahala. In dare ya yi bai huce ba, jiki ba ya samun hutun da zai farfaɗo. A bazarar 2003 zafi ya kashe mutum fiye da 70,000 a Turai, kusan 15,000 a Faransa kaɗai, yawancinsu tsofaffi da ke zaune su kaɗai ba mai leƙa su. A nan ma za ka ga yadda zafin rana da kaɗaici suka haɗu suka yi aiki tare, ɗaya matsalar muhalli, ɗaya ta zamantakewa. A ƙasashen Amurka ta Tsakiya kamar Nikaraguwa da El Salbado, samari masu yankan rake suna kamuwa da ciwon ƙoda ba tare da suga ko hawan jini ba, kuma masu bincike da dama suna danganta shi da aiki mai nauyi cikin tsananin zafi. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta haura ƙarin zafi na digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu, iyakar da aka ambata a yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ta 2015.

Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700. Wannan shi ne abin da aka gani a labarai. Abin da ya biyo baya bayan 'yan jarida sun tafi shi ne ruwan da ya kwanta wata da watanni, sauro ya hayayyafa, masu zazzaɓin cizon sauro suka tashi daga kusan 500,000 a 2021 zuwa kusan miliyan 2.6 a 2022. Kuma ƙasa ce da abin da take fitarwa na iskar da ke ɗumama duniya bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ban raina shi ba. Za su ce kula da muhalli aikin ƙoshi ne, mai neman abin da zai ci yau ba shi da lokacin tunanin shekara 50 masu zuwa. Za su ƙara da cewa ƙasashen da suka ƙona kwal da mai suka yi arziki su ne yanzu ke wa talakawa wa'azi. Maganar ta biyu tana da gaskiya mai yawa. A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 don taimaka wa masu tasowa, wa'adin ya zo ya wuce ba su cika ba, kuma kaso mai yawa na abin da suka bayar bashi ne. Asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa sai a 2022 aka amince da kafa shi a taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar, bayan shekara 30 ana roƙo. Wannan zalunci ne, a kira shi da sunansa. Amma maganar farko a juye take. Mai kuɗi yana da na'urar sanyaya ɗaki, yana sayen ruwan gora, yana iya ƙaura daga bakin titi ko gefen juji. Talaka ne ke zaune inda hayaƙi ya fi kauri da inda ruwa ke fara ci, shi ne ke aiki a rana tsaka. In akwai wanda maganar muhalli ta zame wa dole, shi ne. A bar masa ita a matsayin kayan masu hali, an ƙwace masa makamin da ya fi kowa buƙata.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda nake tsoro kamar na farko. Mutum ya ji duk wannan ya ce to, tunda abin ya fi ƙarfina, bari in naɗe hannu. A'a. Akwai ayyukan mutum ɗaya da ke ratsa katanga su shiga gidan maƙwabci, kuma a nan ne nauyin kowa yake da gaske. Maganin kashe ƙwayoyin cuta misali ne. Duk lokacin da aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba, don mura wadda ba ya yi wa komai, ko aka zuba shi a abincin dabbobi don su yi saurin girma, ana ba ƙwayoyin cuta damar koyon yadda za su bijire masa. Alexander Fleming, wanda ya gano maganin fenisilin, ya yi gargaɗi a kan haka tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. A 2019 cututtukan da suka bijire wa magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 kai tsaye. Wanda ya mutu ɗin sau da yawa ba shi ne ya yi wasa da maganin ba, wataƙila jariri ne ɗan kwana uku. Rigakafin ƙyanda sai kusan kashi 95 cikin 100 na yara sun samu kafin ya kare wanda bai isa a yi masa ba. Hayaƙin taba yana kashe mutum fiye da miliyan 1 a shekara daga cikin waɗanda ba sa sha, suna zaune ne kawai kusa da mai sha. Wanda ya tara roba ya cinna mata wuta a bayan gida ya rabu da shararsa, ya zuba ta a huhun yaran layin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa, to a irin wannan lamari gemun ma a haɗe yake.

Wasu kuma sukan rufe maganar da ƙaddara: ciwo da mutuwa na Allah ne. Haka ne, babu mai musu. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abin lura a nan shi ne matakin da ya ɗauka na shugaba ne a madadin jama'a gaba ɗaya. Bai ce kowa ya ji da kansa ba.

Kuma irin wannan mataki yana aiki, wannan ne dalilin da ya sa ban yanke ƙauna ba. A 1985 masu bincike 'yan Birtaniya suka sanar da cewa rigar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai ƙona fata ta huje a saman Antatika. Sinadaran da ake sa wa a firiji da gwangwanin feshi ne sanadi, kuma Midgley ɗin nan na fetur mai dalma yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro su. Shekara 2 kacal bayan sanarwar aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal, daga baya kowace ƙasa ta duniya ta shiga, yanzu rigar tana warkewa, an kuma kauce wa ɗimbin cutar dajin fata da yanar ido. Cutar agana, wadda ta kashe mutum kusan miliyan 300 a ƙarni na 20, an shelanta kawar da ita a 1980, da haɗin kan Amurka da Tarayyar Sobiyet a tsakiyar gabarsu. A yankin Karelia ta Arewa a Finland, inda maza ke faɗuwa da ciwon zuciya tun suna da ƙarfinsu, an fara wani shiri a 1972 da bai tsaya ga wa'azi ba: an shiga wurin masu sarrafa abinci an rage kitse da gishiri, an taimaki manoma sun sauya abin da suke nomawa, an yi dokar taba. Mutuwar ciwon zuciya a tsakanin masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 cikin shekara 40. Nasiha iri ɗaya ce da wadda muke ji yau, sai dai an gyara kasuwa da doka yadda bin ta zai yi sauƙi.

Don haka abin da nake so shi ne mu faɗaɗa abin da muke nufi idan muka ce mutum yana kula da lafiyarsa. Ya auna hawan jininsa, ya sha maganinsa, ya taka da ƙafa, duk ya yi. Sannan ya tambayi mai neman ƙuri'arsa ina ruwan unguwa yake fitowa, wa ke gwada shi, yaushe aka gwada na ƙarshe. Ƙungiyar ma'aikata ta sa hutun tsakar rana da inuwa da ruwan sha a cikin buƙatunta kamar yadda take sa albashi. Likita ya tambayi mai tari da me ake girki a gidansu da irin aikin da yake yi kafin ya rubuta magani. A watan Yulin 2022 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa muhalli mai tsabta da lafiya haƙƙi ne na ɗan Adam, ƙasashe 161 suka goyi baya, babu wadda ta ƙi. Ƙudurin ba ya tilasta wa kowace gwamnati komai, amma ya ba ɗan ƙasa abin da zai riƙe ya nuna.

In za a fara da abu ɗaya, ni zan ce a fara da awo, a kuma bayyana sakamakon ga kowa. A 2008 ofishin jakadancin Amurka a Beijing ya kafa na'urar auna ƙurar iska a kan rufinsa, ya riƙa wallafa adadin a Twitter duk awa. Hukumomin Sin ba su ji daɗi ba, sun nemi a daina. Amma mazauna birnin sun riga sun ga lamba, sun fara kwatanta ta da abin da ake gaya musu da kuma abin da suke ji a maƙogwaronsu. A 2012 gwamnati ta sa wannan ƙura a cikin ma'auninta na hukuma, a 2013 ta fitar da shirin yaƙi da gurɓatar iska: aka rufe tashoshin kwal na cikin birnin, aka sauya wa miliyoyin gidaje abin ɗumama ɗaki, aka tsaurara dokar motoci. Ƙurar da ke iskar Beijing ta sauko daga kusan 89 a ma'auni a 2013 zuwa ƙasa da 35 bayan shekara 10. Har yanzu ta ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so, wato 5, sau da yawa. Birane masu yawa a duniya kuwa, musamman a ƙasashe matalauta, ko na'ura ɗaya ta gwamnati ba su da ita da za ta gaya wa mazaunansu abin da suka shaƙa jiya.